Abin da Aji Zai Koya Daga Wasan Gem Ba Taurari Ba Ne

Kwanan nan wani sabon kwali ya fara bayyana a bangon azuzuwan makarantun kuɗi, hotunansa kuma suna yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye. An jera sunayen 'yan aji daga sama zuwa ƙasa, gaban kowane suna an manna taurari masu ƙyalli. Na sama yana da goma sha biyar, na ƙasa yana da ɗaya ko babu. Ranar Juma'a sai a kira wanda ya fi kowa tauraro a tafa masa, a ba shi biro ko biskit. Idan uba ya tambayi ma'anar wannan, sai a ce masa sabon salo ne, an shigo da dabarun wasan gem cikin koyarwa domin yara su so karatu kamar yadda suke son waya.

Wannan amsa ta dame ni, domin rabinta gaskiya ce. Akwai ilimi mai yawa da malami zai ɗauka daga masu ƙera wasan gem, kuma ya kamata ya ɗauka. Sai dai taurari da jerin gwanaye su ne mafi ƙarancin amfani a cikin kayan, wani lokaci ma illa suke yi. Abin da ke riƙe yaro awa biyu a shagon gem, har ya manta da yunwa, abu huɗu ne: aikin da ke gabansa daidai ƙarfinsa ne, yana ganin sakamakon abin da ya yi nan take, faɗuwa ba ta da tsada a wurinsa, kuma ba ya wucewa gaba sai ya iya na baya. Duk huɗun ana iya yin su a aji da kwali da biro, ko da makarantar ba ta taɓa ganin wutar lantarki ba.

Yadda gem ke koyarwa bai ce uffan ba

A ɗauki Super Mario Bros, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985. Matakinsa na farko darasi ne cikakke, amma babu inda aka rubuta bayani. An tsayar da Mario, ɗan mutumin da kake sarrafawa, a gefen hagu, fili kuma a buɗe ta dama, don haka ko ba a gaya maka ba ka san inda za ka nufa. Abokin gaba na farko guda ɗaya ne tak, yana tahowa a hankali. Idan ba ka yi tsalle ba ka mutu, cikin daƙiƙu kaɗan kuma an dawo da kai farko, yanzu ka san dole a yi tsalle. Naman kaza na farko da ya fito daga cikin bulo yakan bugi bututu ya dawo kanka a wurin da kauce masa ke da wuya, ya taɓa ka, ka ga ka ƙara girma, ka gane cewa wannan abin alheri ne.

Akwai wani wuri can gaba da ya fi burge ni. An gina matattakala biyu da gibi a tsakaninsu, amma ƙasan gibin ƙasa ce, idan ka faɗa babu abin da zai same ka. Kana wucewa sai ga irin wannan matattakalar kuma, wannan karon ƙasan gibin rami ne. Shigeru Miyamoto, wanda ya tsara wasan, da abokan aikinsa sun fara ba ka wurin gwaji marar haɗari, sannan suka kawo na gasken.

Yanzu a dubi yadda abin yake a ajinmu. Malam ya koyar da ɗebewa a mako na uku, ya yi gwaji a mako na biyar. Takardu tamanin ne, ga wasu azuzuwa uku suna jiransa, don haka sai mako na takwas yaro zai ga takardarsa, da 3/10 a sama da jan biro. Ba a gaya masa inda ya kauce ba. Lokacin kuma an riga an shiga rabawa, wadda ba ta yiwuwa ga wanda bai iya ɗebewa ba. Wannan ukun ta zauna a rajista har ƙarshen zango, babu hanyar goge ta. Shekara ta ƙare, an ciyar da shi aji na gaba da ramin a ƙarƙashinsa.

Babu mai ƙera gem da zai yi haka ya ci kasuwa. Gem ɗin da zai gaya maka ka mutu bayan mako uku, ya kuma jefa ka mataki na shida alhali ba ka haye na biyu ba, ranar farko za a goge shi daga waya.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga ɗaya tsarin. A makarantar allo, almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun ya zauna. Yara talatin a zaure ɗaya, kowa da inda yake: wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya kai izu biyar. Gyara a take ake yi, kana yin kuskure malam ko gardi ya tsayar da kai. Babu wanda ake ce wa zango ya ƙare, wuce sura ta gaba ko ka iya ko ba ka iya ba. A 1968 ne Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya rubuta wannan tunani a harshen boko, cewa yawancin ɗalibai za su iya ƙwarewa a darasi idan aka ba kowa lokacin da yake buƙata da gyara a kan kari. Masu gem sun riƙe shi, makarantar boko ta sake shi saboda jadawalin zango.

Me ya sa taurari ba su isa ba

Za a ce ai taurarin suna aiki, yara suna rububinsu. Haka ne, a makonnin farko. Tambayar ita ce me ke faruwa bayan nan, da kuma su wane ne ke rububin.

A 1973 wasu masana uku, Lepper da Greene da Nisbett, sun yi gwaji da yaran nazire a Jami'ar Stanford ta Amurka. Sun zaɓi yaran da dama can suke son zane da alƙaluman launi. Wasu aka ce musu idan sun yi zane za a ba su takardar yabo, wasu aka ba su takardar ba tare da sun yi tsammani ba, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman a aji, ba alkawarin komai. Waɗanda aka yi wa alkawarin lada tun farko, kusan rabin lokacin da sauran suka yi suna zane kawai suka yi. Abin da suke yi don daɗi ya koma aikin biya, da biyan ya tsaya sai hannu ya tsaya.

A 2015 kuma wasu masana biyu, Hanus da Fox, suka fitar da sakamakon wani gwaji a wata jami'ar Amurka. Darasi ɗaya, azuzuwa biyu, mako 16. Aji ɗaya aka sa masa lambobin yabo da jerin gwanaye, ɗayan aka bar shi yadda yake. Ajin da aka yi wa ado sha'awarsu ta ragu, gamsuwarsu ta ragu, kuma hakan ya taɓa makinsu a jarrabawar ƙarshe.

Don adalci, ba duka bincike ne ya nuna illa ba. Sailer da Homner na Jamus sun tattara gwaje-gwaje da dama a 2020, suka ga cewa a jimlace salon gem yana da ɗan amfani ga koyo, kuma gasar da aka haɗa da aikin haɗin gwiwa ta fi tasiri wajen sa ɗalibai su yi aiki. Ke nan dabarar ba banza ba ce, amma ya danganta da ɓangaren da aka ɗauko.

Jerin gwanaye a bango dai ba sabon abu ba ne a wurinmu. Shi ne na ɗaya da na biyu da na ƙarshe da muka sani a takardar sakamako, aka ƙara masa ƙyalli, aka mai da shi na kullum maimakon sau uku a shekara. A aji mai yara sittin, biyar ko shida ne ke da damar hawa sama, kuma su ne dama ba sa buƙatar a zuga su. Na arba'in da biyar ya san komai ya yi ba zai kamo na ɗaya ba. Abin da kwalin ke gaya masa kowace safiya, a gaban abokansa, shi ne kai daƙiƙi ne. Daga nan sai ya koma bencin baya ya nemi wani abin da zai yi suna da shi.

Su kansu masu gem sun san wannan. Wasannin ƙwallo da na harbi da ake bugawa ta intanet suna ƙoƙarin haɗa ɗan wasa da sa'anninsa a ƙwarewa, saboda sabon shiga da aka lallasa sau goma a jere ba ya dawowa. Mun ɗauko gasa daga gem, mun bar ƙa'idar da ta sa gasar ke da daɗi.

Yadda za a yi shi da kwali

Ga misali da ɗebewa, a aji biyar na firamare ko aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yara tamanin, malami ɗaya.

Aikin farko, kuma mafi wuya, shi ne yanka darasin gunduwa-gunduwa, kowane mataki da sabon abu guda ɗaya kacal. Takwas sun isa. Na ɗaya ɗebewa ƙasa da goma. Na biyu daga cikin ashirin, kamar 13 − 6. Na uku lamba biyu babu aro, 58 − 23. Na huɗu lamba biyu da aro, 52 − 38. Na biyar lamba uku da aro sau ɗaya, na shida aro sau biyu, na bakwai aro ta kan sifili, kamar 403 − 167. Na takwas lissafin zance: kuɗin cefane, canji, mudun da ya rage a buhu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a haɗa na huɗu da na bakwai a kati ɗaya. Sifili matsala ce mai zaman kanta, yaron da ya iya aro sarai yana iya tsayawa cak idan ya ga babu abin ara a gidan goma.

Kowane mataki a yi masa kati iri uku, A da B da C, tambayoyi daban amma wahala ɗaya. Tambaya biyar a kan kati: huɗu daga matakin, ɗaya daga wani matakin baya, don kada abin da aka wuce ya zube. Kati iri 24 ke nan. A kwafi kowanne sau biyar, ya zama 120, amma a ƙara yawan na mataki na uku zuwa na biyar, domin a nan jama'a ke cunkushewa. Kwalin indomi ko na sabulu ya wadatar. Ba a rubutu a jikin kati, yaro a littafinsa zai yi aiki, ta haka katin zai kai shekara.

Kafin a fara, a yi gwajin tantancewa: tambaya biyu daga kowane mataki, 16 ke nan, minti ashirin. Ba a sa makin wannan a rajista, kuma a gaya wa yaran haka, in ba haka ba za su kwafa a sa su inda ba wurinsu ba. Inda yaro ya fara faɗuwa, a sa shi mataki ɗaya ƙasa da nan. Katinsa na farko ya zama wanda zai ci. Yaron da ya shekara uku bai ga alamar daidai a littafinsa ba, wannan rana ta farko tana da nauyi a wurinsa fiye da yadda muke zato.

Ƙa'idar hayewa huɗu cikin biyar. Wannan ya yi daidai da abin da Barak Rosenshine, masanin koyarwa ɗan Amurka, ya lura da shi a azuzuwan malaman da ɗalibansu suka fi cin nasara, wato yara suna samun kimanin kashi 80 cikin ɗari daidai lokacin atisaye. Idan yaro yana cin biyar cikin biyar kullum cikin minti biyu, aikin ya yi masa sauƙi, a tsallakar da shi. Idan yana cin ɗaya ko biyu, an kai shi inda bai isa ba, a dawo da shi baya ba tare da surutu ba.

Duba aiki shi ne zuciyar abin, kuma malami ɗaya ba zai iya ba. A zaɓi masu duba takwas, ɗaya ga kowane mataki, daga cikin yaran da suka riga suka haye shi, a riƙa sauya su kowane mako. Takardar amsa tana hannunsu, ba a bayan kati ba. A kan takardar, ban da amsar daidai, a rubuta amsar kuskure da aka saba gani da dalilinta. Wanda ya samu 26 a 52 − 38 bai yi aro ba, ya ɗebe ƙarama daga babba ne a kowane gida, 2 daga 8, 3 daga 5. Wanda ya samu 364 a 403 − 167 ciwon ɗaya ne. Wanda ya samu 24 a 52 − 38 kuwa ya yi aron, ya manta bai rage gidan goma ba. Wannan shi ne bambancin gyara da jan biro. Jan biro yana cewa ka faɗi, wannan yana cewa ga inda ƙafarka ta zame.

Wanda ya faɗi katin A, mai duba ya nuna masa kuskuren, ya ɗauki B. Idan ya faɗi B, ba a ba shi C. Zai je bencin gaba ne wurin malam, domin faɗuwa biyu a jere tana nufin bayani yake buƙata, ƙarin tambaya ba zai yi masa komai ba. Sai bayan bayanin zai gwada C. Malam ya zauna a wannan benci da yara shida zuwa takwas, da tsinken ashana ɗaure goma-goma da roba, a kwance ɗauri ɗaya a gaban idonsu su ga me ake nufi da aro.

Darasi minti 40 ne. Goma na farko bayani ga aji duka, biyar zama rukuni-rukuni da raba kati, ashirin aiki, biyar na ƙarshe tattarawa da rubuta waɗanda suka haye. Sau biyu a mako ya isa, sauran ranakun a bi jadawalin manhaja yadda aka saba.

Maganar maki kuma. Idan makin gwajin cikin zango 40 ne a makarantarku, a ba matakan 24, uku-uku. Kowa daga sifili yake farawa yana hawa, babu abin da ake zaftarewa. Wanda ya haye a katin C makinsa ɗaya da wanda ya haye a katin A. Sauran 16 a bar su ga babban gwaji, wanda yara da kansu za su kira shi bos, sunan babban abokin gaba na ƙarshen mataki a gem: sau biyu a zango, tambayoyi gauraye daga duk matakai, babu mai duba, babu taimako.

A bango kada a manna sunan kowa. Takardar ci gaba tana cikin rajistar malam, suna a gefe, gida takwas a gaba, ana rubuta kwanan watan da aka haye. Abin da za a rubuta a allo ranar Juma'a lamba ɗaya ce: mataki nawa ajin nan gaba ɗaya ya haye a wannan mako. Idan ana son gasa, a yi ta tsakanin rukunai masu gauraye da gwanaye da masu rauni, a ƙirga yawan hayewa, ba tsayin mataki ba. Ta haka yaron da ya tashi daga na biyu zuwa na uku ya kawo wa rukuninsa daidai abin da gwani ya kawo, kuma gwanin yana da dalilin zama kusa da shi ya koya masa.

Inda yake lalacewa

Mako biyu na farko hayaniya ce, kuma a nan yawancin malamai ke janyewa. A yi darasi ɗaya cur ana koyon tashi da zama da karɓar kati kawai, babu lissafi. Masu duba za su ɗaga wa abokansu ƙafa. Maganinsa malam ya ɗauki littafi biyar a kowane darasi, ba tare da zaɓe ba, ya sake dubawa, kuma bos zai tona duk wanda aka hayar da shi a kan alfarma. Amsoshi za su fara yawo a aji bayan wata guda, don haka a sauya lambobin kati kowane zango.

Gwanaye za su gama takwas ɗin cikin mako biyu. Idan ba a tanadar musu komai ba, su ne za su hargitsa ajin. Aikin duba bai ishe su ba, kuma zalunci ne a mai da yaro malamin dole duk zango. A ajiye musu kati masu wuya na gaske, ko a sa su ƙirƙiro tambayoyin kati na gaba tare da amsoshin kuskure da suke hasashen wani zai yi. Wannan na biyun ya fi kowane atisaye zurfi.

Akwai kuma yara uku ko huɗu da za su maƙale a mataki na biyu har wata guda. Sau da yawa matsalarsu ba ɗebewa ba ce: wani bai gane darajar gidan lamba ba, wani ba ya ganin rubutu sosai, wani da yunwa yake zuwa. Kati ba ya maganin wannan. Amfaninsa shi ne ya nuna wa malam su a mako na uku, maimakon a gano su a aji uku na sakandare.

"Karatu ba wasa ba ne"

Wannan ita ce maganar iyaye da yawa, kuma tsoronsu yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019. Wasu wasannin da gangan aka gina su don su kama mutum. Wasan waya na Candy Crush yana ba ka rai biyar, wato damar gwadawa sau biyar, idan sun ƙare ka jira minti talatin kafin ɗaya ya dawo, ko ka biya kuɗi. Wasu suna sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, har hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan caca ce. Wasu manhajojin suna ƙirga maka kwanakin da ka jera kana shiga, don tsoron kada lissafin ya karye ya dawo da kai ko ba ka so.

Duk wannan a bar shi a waje. Malamin da ya kawo kyautar sa'a cikin aji, a jefa hannu a jaka a ciro, yana koya wa yaran mutane ɗanɗanon caca ne da sunan ilimi. Amma a duba tsarin katin da na bayyana, a nuna mini wasan da ke ciki. Yaron da a da yake kwafar misali biyu daga allo ya zauna yana kallon taga, yanzu yana yin tambaya goma zuwa goma sha biyar da hannunsa a darasi ɗaya. Aiki ya ƙaru ne.

"WAEC ba ta ba da rai na biyu"

Gaskiya ne, a ɗakin jarrabawa sau ɗaya ake yi, wanda ya faɗi sai wata shekara ko wani zama da wani kuɗin. Shi ya sa ma ya kamata yaro ya yi duk faɗuwarsa tun a aji, inda ba ta da tsada. Kuma yawan gwaji shi kansa karatu ne. A 2006 Roediger da Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu su karanta. Wasu suka sake karantawa, wasu aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda waɗanda aka gwada sun wuce su. Yaron da ya saba zama da tambaya shi kaɗai sau biyu a mako tun firamare, ranar NECO hannunsa ba zai yi rawa kamar na wanda bai san gwaji ba sai sau biyu a zango.

Masu cewa rashin adalci ne a ba wanda ya haye a karo na uku maki ɗaya da wanda ya haye a karo na farko, sai mu tambaye su me makin yake aunawa. Idan iya ɗebewa yake aunawa, duka biyun sun iya. Mai sauri ya riga ya samu ladansa, ya yi gaba, kuma bos zai bambanta su.

"Yara ɗari ne a ajina"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba. Yanka kati 120 da rubuta su aikin ƙarshen mako biyu ne, ga malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Bai kamata kowa ya yi nasa shi kaɗai ba. Malaman lissafi uku a makaranta ɗaya su raba matakan, ko hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta buga saiti ɗaya ta raba. Amma a lura, ajin da ya fi cunkoso shi ya fi buƙatar wannan, domin a cikin yara ɗari tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya takan kai shekara huɗu ta karatu, bayani ɗaya daga allo kuwa mutum ashirin na tsakiya kawai yake samu. Tsarin TaRL, wato koyarwa daidai matakin yaro, da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, wanda aka yi aiki da shi a makarantun gwamnati a Borno da Kano, a kan wannan tunani yake: a gwada yaro, a zaunar da shi da masu matakinsa, harafi ko kalma ko sakin layi ko labari, ba tare da duba ajin da yake ba, ya haye idan ya iya.

Abin da zan amince da shi kai tsaye shi ne ba kowane darasi ke yankuwa haka ba. Lissafi, karatun farko, nahawu, tajwidi, daidaita lissafin sinadarai, duk suna da tsani a fili. Rubutun insha'i da tattauna tarihi da adabi ba su da amsa ɗaya da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zai duba a takarda. A can abin da za a ɗauka ɗaya ne, damar sake rubutawa bayan gyara, a kuma ba da makin a kan na biyun. Makarantar Quest to Learn da aka buɗe a birnin New York a 2009 ta gina manhajarta duka a kan salon gem, har da babban aikin rukuni a ƙarshen zango da suke kira matakin bos, amma ita ta fara ne da masu ƙera wasanni da suka zauna tare da malamai suna tsara darussa. Babu dalilin da zai sa makarantar da ke fama da alli ta ce sai ta kwaikwayi wannan.

Abu guda ne malami ba zai iya yi shi kaɗai ba, wato sauya ƙa'idar rajista. Muddin hedimasta ko mai makaranta ya dage cewa makin gwajin farko a mako na biyar za a shigar, da biro, ba a taɓa shi, to damar sake gwaji ta mutu tun ba a fara ba. Abin da ake nema a wurinsu kaɗan ne: a bar gidan makin a buɗe har mako na goma, a yarda darasi biyu a mako su fita daga jadawali, a sauke kwalin taurari daga bango. A gwada a aji ɗaya, darasi ɗaya, mako shida. A ƙarshe a sake ba yaran gwajin tantancewa mai tambaya 16, da sababbin lambobi, a ba ajin da ke kusa da su irinsa, a ƙirga mutum nawa a kowane aji suka iya 403 − 167.